Gadar Katakon da Na Riƙa Hayewa da Baki

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ta watan Agusta ba, kuma ba wai ban gwada mantawar ba ne. Na gwada. Sai dai a unguwa irin tamu, ko kai ka manta akwai masu tuna maka kyauta. Har yau in na shigo coci da ɗan sauri, sai wani dattijo ya matsa gefe ya ce a ba ɗan tsere hanya. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, ko na huta da gyara wa mutane shi a kan hanya.

Shekarata hamsin da uku. Ma'aikacin gwamnati ne ni, a sashen ajiye fayil, aikin da ba a motsa komai a cikinsa sai hannu da baki. A Unguwar Boro muke zaune ni da matata, Maman Godiya, malamar firamare. Yaran sun watse, Godiya tana karatu a Jos, ɗayan yana hidimar ƙasa, gida ya rage mu biyu. Kullum da safe in shiga bas in haye kogi zuwa cikin gari, in sha cunkoso a gada, da yamma in sake shan wani, in iso gida kamar an yi mini dukan tsiya. Tumbi kuwa ya daɗe da yin gaba ya bar ni a baya.

A ƙarshen Fabrairu jiri ya kwashe ni a ofis, har sai da na dafa kabad. Washegari muka je asibiti. Likita ya auna jinina, ya sake aunawa, sannan ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce hawan jinin ya yi nisa. Magani kullum, a rage gishiri da mai, kuma lallai in riƙa motsa jiki har in yi gumi. Maman Godiya na zaune a gefe da jaka a cinya, na san abin da take gani. Mahaifinta ya yi shekara huɗu a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ita ce ta yi jinyarsa. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi abinci a baki har ranar da ya rasu. A cikin keke napep, wajen dawowa, ta faɗa mini magana ɗaya tak. Ta ce ta yi wannan aikin sau ɗaya a rayuwarta, ba ta da ƙarfin yin na biyu.

Tun daga ranar gishiri ya bar gidanmu. Dunƙule ya bi shi, man ja ya koma ɗigo, soye-soye aka yi musu sallama. Na ce ta riƙa yin nata daban mana, ita ai lafiyarta ƙalau. Ta ce tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan nan tun da aka ɗaura mana aure, ba hawan jini ne zai sa a fara ɗora biyu ba. Ta sayo na'urar awon jini, kowace yamma bayan cin abinci sai ta naɗa mini ita a dantse, ta zuba ido. (Wanda bai taɓa cin miyar kuka ba gishiri ba dunƙule ba, kada ya ce ya san jarrabawa.)

Saura motsa jiki. Wani maƙwabcinmu ya kwatanta mini wata hanya da ke zagaye rafin da ke bayan unguwarmu, wanda ke gangarawa ya faɗa kogin Kaduna. Asabar ta farko a watan Maris na ɗaura sabon kambas, na fita da asuba ina jin kaina.

Gaskiya hanyar tana da kyau, ba zan ci amanarta ba. Daga ƙofar gida za ka gangara ka wuce cocinmu, ka isa gadar siminti, wadda kekuna da 'yan acaɓa ke bi. In ka haye sai ka bar titi ka karya hagu, ka shiga wata siririyar hanya a tsakanin itatuwan malaina. Nan da nan hayaniyar gari ta ɗauke. Ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin ƙafarka, rafi na bin ka ta hagu, gora ta yi rumfa a kansa. Can gaba kurmin ya buɗe ka faɗa lambuna, tumatir da latas da alayyafo kore shar, injin ban ruwa na ta tari, daga nesa kana hango dogayen bututun matatar mai ta wajen Rido. A ƙarshen lambunan akwai gadar katako, dogayen katakai guda shida a jere a kan turaku, masu lambu na hayewa da kwanduna a ka. Ita za ka bi ka dawo ɓangarenmu, ka haura ta cikin mangwarori, ka ɓullo bayan filin ƙwallo, sai gida.

Na zagaye ta kaf a ranar. Rabi sassarfa, rabi tafiya, ƙarshen kuma jan ƙafa da kiran sunan Yesu. Na iso gida na zube a kan tabarma, Maman Godiya ta tsaya a kaina tana fifita, tana murmushin da na daɗe ban gani ba. Kwana uku ina sauka daga bas da baya-baya saboda ciwon cinya.

Wannan shi ne karo na farko da na zagaye hanyar. Shi ne kuma na ƙarshe, har aka yi girbi.

Asabar ta biyu na isa gadar siminti gwiwoyina na ƙara. A gindin gadar, ƙarƙashin wani mangwaro, akwai wata mata mai suna Mama Asabe da ke tuyar ƙosai da doya, ga kunun gyaɗa a kula, ga benci dogo a inuwa. Ƙamshin ya tare ni kamar ɗan sandan hanya. Na ce bari in zauna minti biyar in daidaita numfashi. Kwana goma sha ina cin abinci lami, sai ga ƙosai mai zafi da yaji. Ban san lokacin da na ce a zubo ba.

Ba sai na ja zance ba. Minti biyar ɗin nan wata biyar ya yi.

Na ma fitar da tsari, abin kunya. In fita da asuba da sassarfa har in sha kwana, inda ba a hango ni daga gida. In taka a hankali zuwa bencin Mama Asabe. In ci, in sha kunu, in saurari rediyonta, in kalli masu wucewa. In lokacin da ya kamata a ce na gama zagaye ya yi, sai in sayi fiya wata biyu, ɗaya in juye a ka, ɗaya a ƙirji da baya. In goga kambas a laka. Daga kwanar gidanmu in sake tayar da sassarfa, in shigo ina haki. Hakin dai na gaske ne, don 'yar tazarar nan ma tana isata.

Sai kuma labari. Maman Godiya takan tare ni da ruwan wanka da tambaya, yaya hanya yau. Ni kuwa in buɗe baki in ba ta hanyar da na gani sau ɗaya a watan Maris, ina canza mata riga kowane mako. Yau na ga zalɓe a bakin ruwa. Yau wani mai lambu ya ce na fi samari ƙoƙari. Wani lokaci in sayi alayyafo a bakin titi in ce daga lambu aka tsinko mini. Gadar katakon nan kuwa ta sha hawa a bakina. Har na taɓa ce mata katako na uku yana rawa, na sami dutse na danne shi don kada wani ya faɗa.

In za a tambaye ni dalili, ba ƙosan ba ne kaɗai. Na gaji ne. Gajiya irin wadda barci ba ya saukewa. A ofis ana nemana, a coci ana nemana, 'yan uwa a ƙauye na nemana a waya, a gida ga na'ura na jiran dantsena. Awa ɗaya da rabi ɗin nan a kan benci ita ce kaɗai a mako da ba wanda ke son komai daga wurina. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. Na faɗa ne don haka abin yake.

Jinin dai ya ƙi sauka, ta yaya ma zai sauka. Kowace yamma Maman Godiya ta duba na'ura ta ajiye. Ba ta taɓa zargina ba, ko sau ɗaya. Kanta ta zarga. Ta ce mutum na gudu haka kowane mako, to lallai matsalar daga tukunyarta take. Ta janye ɗan man da ya rage. Ta daina sayen nama mai kitse. Ta fara azumi kowace Laraba saboda ni. Na lura zanenta ya fara yi mata yawa, tana ninka shi fiye da da. Na gani da idona, na kau da kai, Asabar ta zo na koma benci.

Sai wata yamma a ƙarshen Yuli awon ya ɗan sauka. Ko maganin ne ya tuna aikinsa, ko batirin na'urar ne ya yi sanyi, ban sani ba. Ta auna sau uku. Ta rufe fuska da hannu biyu ta yi ta godiya ga Ubangiji.

A cocinmu, bayan an karɓi baiko, wato sadakar coci, akan ba da fili ga mai shaida. Wanda Allah ya yi wa wani abu sai ya fito gaba, ya ɗauko waƙa, jama'a su amsa, sannan ya faɗi abin da aka yi masa. Akwai waɗanda kowane mako suna da shaida, ko akuyarsu ce ta haihu. Maman Godiya ba ta cikinsu. Shekara ashirin da shida muna wannan cocin ban taɓa ganin ta fita ba, ita mai kunyar taro ce. Ran Lahadin nan ina zaune a layin maza ina gyangyaɗi, sai na ji muryar da na sani ta ɗauko waƙa.

Ta ba da labarin mahaifinta. Ta ba da labarin likita. Sannan ta ce mijinta, wanda da ko hawa bene sai ya huta a tsakiya, yau wata biyar ke nan ba Asabar ɗin da bai zagaye rafi da gudu ba, ko ana ruwa ko ana rana, ya haye gadar siminti ya dawo ta gadar katako. Ta ce a taya ta yabon Ubangiji. Aka buga ganga, mata suka yi guɗa, aka ce in miƙe a gan ni. Na miƙe. Har hannu na ɗaga, Allah ya gafarta mini.

Baba Fasto, limamin cocinmu, mutum ne da ba ya barin dama ta wuce shi. Nan take ya ce ai makon zumuntar maza saura mako biyu, kuma ya gaji da wasan ƙwallon da ake yi duk shekara dattawa na karya ƙafa. Bana gudu za a yi, a zagaye rafi, ga jagora Allah ya ba mu a cikin gida. Aka ɗauki tafi.

Mai hankali zai yi amfani da mako biyun nan ya je ya duba hanya. Na yi niyya, wallahi na yi niyya. Asabar ɗin da ke tsakani aka tashi da yayyafi, na isa gadar siminti, na dubi bakin kurmin ya yi duhu ya jiƙe, na dubi rumfar Mama Asabe. Na ce wa kaina hanya ai ba ta tashi ta bar wurinta. Abin da na ɗauka shi ne haɗari, shi na toshe: na roƙi Mama Asabe, in ta gan ni da jama'a mako mai zuwa, ta yi kamar ba ta san ni ba. Ta dube ni ta ce to, Oga, ta ƙara mini ƙosai biyu.

Ranar ta zo. An kwana ana ruwa, gari ya waye a jiƙe. Muka taru a ƙofar coci mu talatin da 'yan kai, kowa da farar riga mai sunan zumunta, wasu da wandon barci, wani dattijo da takalmin zuwa ofis. Aka haɗa mu da 'yan sintiri biyu, don yanzu ba a shiga kurmi da ka haka nan. Aka rataya mini usur a wuya. Kusa da ni aka sa Baba Soja, tsohon saje mai shekara saba'in da wani abu, siriri kamar sanda, wanda ya ce zai riƙa ba da waƙa. Baba Fasto ya yi addu'a, har ya roƙa wa jagora ƙarin ƙarfi. Na ce amin da gaske.

Matan zumunta aka bar musu aikin tarbarmu da zoɓo a filin ƙwallo. Haka aka shirya, haka na sani.

Muka tashi. Kafin gadar siminti na riga na jiƙe, karo na farko a wata biyar ba da fiya wata ba. Mama Asabe na tuya. Duk wanda ya wuce ya gaishe ta ta amsa da fara'a, da na zo daidai ita sai ta juya mini ƙeya gaba ɗaya ta kafa wa mangwaro ido. Baba Soja ya tambaye ni ko mun yi faɗa ne da matar nan. Na ce ban ma san ta ba. Ya ce ikon Allah, ya ci gaba da waƙarsa.

Muka karya hagu muka shiga malaina. Nan na fara gane cewa hanyar da ke kaina ta rani ce. Busasshen ganyen nan ya zama taɓo mai santsi. Ciyawa ta kai ƙugu, ta rufe hanyar sai ɗan zare. Rafin da na sani yana rarrafe a kan duwatsu ya cika ya yi ja, yana gudu da ƙara. Wurin ya fi da kyau ma, kore ko'ina, ruwa na ɗiga daga ganye, amma ni ba kallo ne a gabana ba. Ƙirjina na bugawa har cikin kunne, ƙafafuna sun yi nauyi, ga maza talatin a baya suna amsa waƙar soja. Duk inda hanya ta rabu biyu sai in busa usur da ƙarfi in zaɓi wadda ta fi kusa da ruwa, ina addu'a a zuci.

Da muka fito daga kurmin, babu lambu ko ɗaya. Masara ce ta fi ni tsayi, da shinkafa a cikin ruwa. Wani daga baya ya tambaya ina tumatirin da Madam ta ce ina gani. Na yi kamar haki ya hana ni ji. Ni dai burina in ga katakan nan shida. In na taka su na haye, ƙaryata ta zama gaskiya, ko da na yini ɗaya ne.

Na kutsa ta cikin masarar, na ɓullo bakin ruwa, na tsaya cak. Baba Soja ya yi karo da bayana.

Turakun na nan, kawunansu sun ɗan leƙo daga cikin jan ruwa. Katako babu ko ɗaya. A ɗaya gaɓar kuma, daidai inda gadar ya kamata ta sauka, mata huɗu ne tsaye da zanen zumunta, da kular zoɓo a ƙasa. Ta gaban ita ce Maman Godiya, da waya a hannu. Ashe ta ce wa sauran ita ba za ta jira a filin ƙwallo ba, so take ta ga gadar nan da ta sha jin labarinta, ta ɗauki hoton mijinta yana hayewa ta tura wa yara. Sun gangaro ta cikin mangwarori tun kafin mu iso. Ta riga ni ganin abin da na gani.

Maza suka yi ta fitowa daga masara suna taruwa a bayana. Waƙa ta mutu. Da na yi shiru a nan, da wataƙila na tsira da ɗan wani abu. Amma bakin da ya saba ba ya jin birki. Na ɗaga murya yadda za a ji a ƙetare, na ce, "Ruwan daren jiya ne ya tafi da ita. Ko makon jiya na bi ta kanta."

A gefenmu akwai wani dattijo mai gona, ya naɗe wando yana gyara kunya da fartanya. Ya miƙe, ya gaishe mu cikin ladabi, ya yi mana sannu da hanya. Ba da mugunta ya yi maganar ba, taimako ya ga zai yi wa baƙi.

"Ai ba ruwa ba ne, Oga. Mu muka ɗauke ta. Duk shekara in damina ta kama mukan kwashe katakan mu ajiye, kada ambaliya ta tafi da su. Sai an yi girbi mu mayar. Bana tun farkon Mayu muka cire. Ga su can."

Ya nuna da fartanya. Duk muka juya. Katakan na jingine a gindin wata ɗorawa, an ɗaure su da waya. Kabewa ta yaɗu ta lulluɓe su, har ta yi 'ya'ya. Ɗaya ta kai girman kan mutum, tana zaune daram a kan katako na sama. Ban taɓa tsanar kabewa ba sai ranar.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Baba Fasto ya cire hula yana share gumi, yana kallon ruwa kamar akwai abin karantawa a ciki. Na ɗaga ido na dubi ƙetare. Maman Godiya ta sa wayar a jaka, ta sunkuya ta ɗauki kular da kanta, ta juya ta fara haurawa. Sauran matan suka bi ta. Ni kuwa na zauna a cikin taɓo da farar rigata da usur a wuya.

Baba Soja ne ya karɓi usur ɗin, ya ce a juya. Muka koma ta inda muka fito, a ƙafa, ni a can baya tsakanin 'yan sintiri biyu kamar wanda aka kamo. Da muka iso gadar siminti kowa ya galabaita, Baba Fasto ya ce a zauna a sha kunu. Mama Asabe ta cika alkawari, ba ta dube ni ba, ba ta yi mini magana ba. Sai dai hannunta ya saba. Kowa ta tambaye shi me za a zuba masa, ni kuwa ta ajiye mini faranti a gabana ba tambaya, ƙosai da doya, yaji a gefen dama, da fiya wata biyu. Baba Soja ya dubi ledojin ruwan, ya dubi rigata, ya ce na biyun na mene ne. A nan ne dariyar ta fashe, har da mai ƙwarewa da kunu.

Na isa gida rana ta take. Na shirya wa faɗa, na ma fi son a yi faɗan. Ba a yi ba. Ruwan wanka na nan a bokiti kamar kullum. Da yamma na leƙa kicin na ga tukunya biyu a kan wuta, abin da ban taɓa gani ba a gidan nan. Ta kawo mini nawa, ta zauna da nata a ɗaya kujerar, ba ta ɗauko na'ura ba. Sai da ta ci rabi sannan ta yi magana, a hankali, ba ta ko dube ni ba.

"Wata biyar ina cin miya lami, Baban Godiya. Ina cewa hannuna ne ke kashe ka."

Ta ce dariyar mutane ba ta dame ta ba. Abin da ya dame ta, na bar ta ta tsaya a gaban Allah da jama'a ta yi shaidar abin da bai faru ba, ina zaune ina kallo, har da ɗaga hannu. Ta ce gobe za ta fita ta janye shaidarta, don ba za ta iya barin ta haka ba.

Na ce ta bari, ni zan fita.

Na fita kuwa. Bayan baiko na tafi gaba da ƙafafu masu ciwo, na ɗauko waƙa, muryata ta ƙi tashi, wata tsohuwa ta taimaka ta kama mini. Na ce shaidar da matata ta bayar da zuciya ɗaya ta bayar, ƙaryar tawa ce ni kaɗai. Na faɗi benci, na faɗi fiya wata, na faɗi alayyafon bakin titi. Jama'a suka yi ta dariya har mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa. Na nemo fuskarta a layin mata. Ita ba ta yi dariya ba, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Asabar ta gaba, da asuba, na ji ana taɓa ƙafata. Tana tsaye da tsohon kambas ɗin Godiya da zane ɗaure a ƙugu. Ba ta ce mu je ba, ƙofa kawai ta buɗe. Tun daga ranar tare muke fita. Ba gudu muke yi ba, kada in sake wata ƙaryar, tafiya ce mai ɗan sauri, in mun ga mutane mu ɗan yi sassarfa. Mu wuce Mama Asabe mu gaishe ta, ita da Maman Godiya har sun saba, ni ne dai ba a yarda in rage tafiya a wurin ba. Mu shiga malaina, mu kai bakin ruwa, mu juyo. Har yanzu ina gajiya, har yanzu bencin nan na kirana. Jinin ya ɗan sauka, ba sosai ba. Tukunya ta yi mako shida tana biyu kafin ta koma ɗaya, ba gishiri.

Bayan girbi masu lambu suka mayar da katakansu. Ranar da muka fara samun gadar a shimfiɗe, na tsaya na ba ta hanya ta fara hawa. Ta taka a hankali har tsakiya, ta tsaya, ta dubi ƙasa, ta ɗan buga ƙafa a nan, ta buga a can. Sannan ta waigo.

"Wanne ne na ukun, wanda ka danne da dutse?"

Na ce ta yi haƙuri ta wuce, akwai mai kwando a bayanmu.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Ashe ƙarya ma aiki ce, tana so a riƙa zuwa ana duba ta kowane mako, a san abin da ya canza, a san abin da aka ɗauke. Ni kuwa da ina da wannan ƙwazon, ai da gudun na yi tun farko. Yanzu in Maman Godiya ta tambaye ni yaya hanya, ba na cewa komai, don tana nan a gabana da taku biyu, ni ina baya ina haki.